A bar wa mai baƙin ciki waƙarsa

A wani taron iyaye da na halarta kwanan baya, wani dattijo ya miƙe ya ce shi ya gano abin da ke lalata zukatan yaranmu: waƙoƙin baƙin ciki. Ya ba kowane uba shawara ya karɓi wayar ɗansa ya goge duk waƙar da ke sa kuka, domin ya ji labarin wata waƙa a Turai da ta hallaka ɗaruruwan mutane har hukumomi suka haramta ta. Aka yi ta gyaɗa kai ana "Allah ya kyauta". Ba wanda ya tambayi abin da ke sa yarinya 'yar shekara 16 ta kwana tana maimaita waƙa ɗaya tana hawaye.

Na san don Allah ya yi maganar, kuma tsoronsa tsoron kowane uba ne. Amma ban yarda da shi ba. Waƙar baƙin ciki ba ita ke haifar da baƙin ciki ba. Tarar da shi take yi a zuciya, ta ba shi baki. Uban da ya goge ta bai taɓa ciwon ba, alamar da za ta nuna masa ciwon kawai ya kawar.

Waƙar da aka ce ta kashe mutane

Labarin da dattijon ya ji yana da tushe, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Sunan da duniya ta san waƙar da shi *Gloomy Sunday*. Wani makaɗin fiyano a Budapest ta ƙasar Hangari, Rezső Seress, shi ya tsara kiɗanta, ta fito a 1933. Wani marubuci mai suna László Jávor ya sa mata baitocin da suka shahara, na wanda masoyiyarsa ta mutu yana burin ya bi ta. Ba da jimawa ba jaridu suka fara danganta ta da mutanen da suka kashe kansu. Labari ya tsallaka teku, kowace jarida tana ƙara masa gishiri, har masu sayar da faifai a Amurka suka mai da wannan mummunan suna hanyar talla. Mawaƙiyar Amurka Billie Holiday ta rera ta da Turanci a 1941. Gidan rediyon BBC ya hana sa muryarta a kan cewa waƙar na karya gwiwar jama'a a lokacin yaƙi, kuma ba a ɗage haramcin ba sai 2002.

Yawancin waɗancan labaran na jarida ba a taɓa tabbatar da su ba. Amma ko mu ɗauka wasu gaskiya ne, sai mu dubi ƙasar da waƙar ta fito. A 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Trianon ta ƙwace wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na faɗin ƙasarta. Iyalai suka wayi gari dangi na wata ƙasa. Kafin su farfaɗo, durƙushewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta auka musu, aiki ya ƙare, yunwa ta shiga gidaje. Kuma tun kafin a haifi waƙar, ƙasar tana cikin waɗanda aka sani da yawan masu kashe kansu, ta kuma ci gaba da haka shekaru da yawa bayan an daina yayin waƙar.

Mutumin da ya rasa aiki, ya rasa gida, ya rasa mai saurarensa, in aka tarar da faifan waƙa a ɗakinsa, ɗora wa faifan laifi shi ya fi sauƙi ga kowa. Hukuma ta huta, maƙwabta sun huta, dangi sun huta.

Masu ba da labarin sukan rufe da cewa ai shi kansa Seress kashe kansa ya yi. Haka ne, a Janairun 1968, shekara 35 bayan fitowar waƙar. Abin da ba sa faɗa shi ne, Bayahude ne da aka tilasta wa aikin bauta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya fito da rai daƙyar, ya ƙare rayuwarsa cikin rashi yana kiɗa a wani ƙaramin gidan abinci alhali waƙarsa na yawo a duniya. A tattara wannan nauyi duka a ce waƙa ce ta kashe shi, an zalunce shi.

To me mutum yake nema a cikinta?

Wannan ita ce tambayar da ke ɗaure wa iyaye kai. Mai jin zafi, me zai kai shi neman ƙarin zafi?

Ba ƙari yake nema ba, abokin zama yake nema. Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa ya san yadda abin yake. Kwana uku gida cike, kwana bakwai ana ta shigowa, ana "sannu da haƙuri, ya ƙarin haƙuri". Bayan sadakar arba'in kowa ya kama harkarsa, tabarmin da aka aro an mayar, kai kuma a lokacin ne ma mutuwar take fara shigarka. Ka ta da zancen mamacin, a ce maka "haba, har yanzu?" A irin wannan daren ne mutum ke jin wata murya daga nesa tana faɗin abin da ya kasa faɗa, sai ya san ba shi kaɗai ba ne.

A watan Maris na 1991 ɗan mawaƙin Ingila Eric Clapton, mai shekara 4, ya faɗo ta tagar hawa na 53 a wani bene a New York ya rasu. Uban ya keɓe kansa na wani lokaci, sannan ya fito da *Tears in Heaven*. Ba wata fasahar kalma mai wuya a cikinta, uba ne kawai ke magana da yaronsa. Iyayen da suka binne 'ya'yansu a sassan duniya suka riƙe ta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a 2004 ya ajiye rera ta na wasu shekaru, ya ce ba ya jin rashin yadda yake ji a da, kuma ba zai rera ta ba tare da wannan jin ba. Ga wanda ya fi kowa kusa da waƙar, ita ce ta raka shi har ya fita daga ramin. Ba ta tura shi ciki ba.

Masu bincike ma sun duba. A 2014 wasu masana a wata jami'a ta Berlin, Liila Taruffi da Stefan Koelsch, sun tambayi mutum 772 abin da suke ji in sun saurari kiɗa mai ban tausayi. Abin da ya fi yawa a amsoshin ba baƙin ciki ba ne, kewa ce da tuna baya. Da yawa sun ambaci natsuwa da samun lallashi.

Mu kuma ba baƙi ba ne a wannan. Iyayenmu mata suna waƙa a kan dutsen niƙa, kuma duk wanda ya kasa kunne ya san ba ta murna ba ce kullum. Ciwon kishiya, gorin rashin haihuwa, kewar gida ga wadda aka kai aure nesa, duk a nan suke fitowa, a gaban uwar miji, ba wanda zai ce an yi rashin kunya. Ƙawayen amarya suna rera mata waƙar rabuwa da gida har sai ta yi kuka, ba wanda ya ce sun cuce ta. Sannan shekaru nawa mutanen Kano da Kaduna da Zariya suka yi suna cika gidajen sinima suna share hawaye a kan waƙoƙin Indiya, mafi yawansu ba su san ma'anar baiti ko ɗaya ba? Murya ce ta isar da saƙon. Waɗancan samari da 'yan matan su ne iyaye da kakannin yau, kuma ga su nan da ransu suna neman goge wayar jikoki.

"Ai Musulmi da haƙuri aka san shi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi a wurinmu, kuma ba zan raina ta ba.

Akwai malaman da ke ganin kiɗa gaba ɗaya bai halatta ba. Saɓani ne daɗaɗɗe, wanda ya bi wannan fahimta ya bar kiɗa kowane iri ya tsaya a kan abu ɗaya, ina girmama shi. Maganata da wanda ke sakin waƙar biki da ta siyasa a motarsa tun safe, amma in ya ji ɗansa da waƙa mai sanyi ya ce rashin tawakkali ne.

A ina aka ce haƙuri shi ne rashin hawaye? Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake barin duniya, idanun Annabi sun zubar da hawaye. Da aka yi mamaki sai ya bayyana cewa rahama ce, ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Suratu Yusuf ta gaya mana idanun Annabi Yaƙub sun yi fari saboda baƙin cikin ɗansa, shi ne kuma wanda ya ce "haƙuri mai kyau". Biyun sun zauna a zuciya ɗaya. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da furta kalmar da ke ja da hukuncin Allah.

Al-Khansa ta shahara a tarihin Larabawa ne da waƙoƙin makokin ɗan'uwanta Sakhr, kuma ta musulunta ta zama sahabiya. A nan ƙasarmu Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa wasu mata na kusa da ita. Malamar da ta karantar da mata tauhidi ba ta ga aibu a zuba raɗaɗinta cikin baiti ba. Gaskiya ne waɗannan ba waƙoƙin garaya ko fiyano ba ne. Amma sun isa su nuna cewa faɗin ciwo ba ya kore imani.

Mun tashi a gidajen da ake yabon mai haɗiye abu. Namiji ba ya kuka. Mace ta yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne. Ni ma ina ganin darajar dauriya. Amma na ga mutanen da aka yaba wa haƙurinsu har suka daina magana da kowa, suka rame a tsaye, daga baya aka ce hawan jini ne ko aljanu.

Inda masu tsoro suke da gaskiya

Ba kowace waƙa mai sa kuka ce alheri ga kowa ba. In na ce haka na yi ƙarya.

Akwai mai sauraro ya yi kuka ya tashi ya ji sauƙi. Akwai kuma wanda tunaninsa ke zagaye wuri ɗaya, waƙar ta zame masa abin da ke ƙara juya shi. Wata mai bincike a Ostareliya, Sandra Garrido, ta daɗe tana aiki a kan wannan, kuma abin da ta gano shi ne masu halin nanata tunani mai zafi da masu ciwon damuwa sukan fito daga irin wannan sauraro sun fi yadda suka shiga nauyi, ko da su suna ganin yana taimakonsu. Sannan wayar yau ba kamar kaset ɗin da ba ce, da in ya ƙare sai ka tashi ka juya. Manhajar ta lura kana son waƙa mai sanyi, sai ta yi ta jero maka irinta har asuba, ba ruwanta da halin da kake ciki.

Kuma akwai waƙar da ke ƙawata mutuwa, ta nuna ta a matsayin hutu ko hanyar ramawa ga wanda ya yaudare ka. Wannan ba na kare ta. Waƙoƙin soyayya da yawa, na waje da namu, suna wasa da kalmar "in babu ke zan mutu" kamar ba komai ba ce. Ga mai lafiya zance ne kawai. Ga yaron da ya riga ya fara wannan tunanin, ba zance ba ne.

Amma abin da ke raba mai amfani da mai cutarwa ba yawan baƙin cikin da ke ciki ba ne, inda waƙar ta ajiye mai sauraro ne. A 2017 wani mawaƙin Amurka mai suna Logic ya fitar da waƙar da ya sa wa suna da lambar wayar da masu tunanin kashe kai ke kira don neman taimako a ƙasar. Farkonta duhu ne ƙirin, muryar wanda ya gaji da rayuwa. Sai wata murya ta amsa masa, a ƙarshe ya zaɓi ya rayu. Wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2021 ya duba kwanakin da waƙar ta fi tashe, ya ga ƙarin kira kusan 10,000 zuwa wannan lamba, ya kuma ƙiyasta an samu raguwar masu kashe kansu da 245 a kan abin da ake tsammani. Da an bi shawarar dattijonmu, wannan waƙar tana cikin na farko da za a goge, domin baitocinta na farko sun fi na kowace tayar da hankali.

Wa ke jin haushin waƙar kuka?

Akwai wani ɓangare da ba a cika dubawa ba. Wani baƙin cikin ba na mutum ɗaya ba ne, na al'umma ne, kuma waƙarsa shaida ce.

A 1939 Billie Holiday ta fara rera *Strange Fruit* a wani gidan rawa a New York. Wani malamin makaranta, Abel Meeropol, shi ya rubuta ta a kan baƙaƙen fatar da gungun fararen fata ke ratayewa a bishiyoyi a kudancin Amurka. Kamfanin da ke buga faifanta, Columbia, ya ƙi ɗauka, sai wani ƙaramin kamfani, Commodore, ya fitar. In za ta rera ta, masu raba abinci sukan tsaya, a kashe fitilu a bar ɗaya a fuskarta, kuma ita ce ta ƙarshe, ba ƙari. Ba wanda ya taɓa jin ta ya tafi gida da fara'a. A 1999 mujallar Time ta zaɓe ta waƙar ƙarni. Waɗanda suka so a yi shiru da ita ba lafiyar zukatan matasa ce ta dame su ba.

Nakan tuna da wannan in na dubi halin da muke ciki. Ƙauyuka nawa aka tasa a Zamfara da Katsina da Sakkwato? Mata nawa ne a Borno har yau ba su san ko mazansu na raye ba? A ƙirga waƙoƙin da aka yi musu, a ƙirga waɗanda aka yi wa 'yan takara a zaɓe guda. Mu ba yawan waƙar kuka ne ya dame mu ba. Ƙarancinta ne, a inda ya kamata a yi ta.

In kuwa ana neman waƙar da ke karya zuciya da gaske, ni na san wadda nake zargi. Ita ce wadda matashin da ya gama karatu shekara biyar ba aiki yake ji a shagon caji, a Keke Napep, a gidan biki, tana lissafa masa motoci da daloli, tana gaya masa wanda ba shi da kuɗi ba mutum ba ne. Kiɗanta mai zafi ne, ana rawa da ita, don haka ba uban da ya taɓa miƙewa a taro ya yi kuka da ita. Amma ka dubi fuskar yaron nan in waƙar ta ƙare ya laluba aljihu.

Abin da uba zai yi maimakon gogewa

In ka ji 'yarka tana maimaita waƙa ɗaya mai sanyi, an ba ka ƙofa ce. Ka zauna kusa da ita. "Mamana, wannan waƙar me take cewa ne? Sa min in ji." Ka saurara har ƙarshe, ko ba ka so, ko ba ka jin yaren. Yaro yakan kasa cewa "Baba, ina cikin damuwa", amma zai iya gaya maka baitin da ya fi so, kuma baitin zai gaya maka sauran. In ka ƙwace wayar, gobe za ta ji waƙar a wayar ƙawarta, ta kuma koyi cewa kai ba wurin kawo kuka ba ne.

Waƙar ita kaɗai ba abin tsoro ba ce. Abin dubawa shi ne abin da ke tare da ita. Ta daina cin abinci? Barci ya gagara, ko kuwa ya yi yawa? Ta janye daga ƙawaye, ta bar abin da take so a da, an shafe makonni a haka? Tana furta cewa gara ba ta a duniya, ko tana rabar da kayanta? In haka ne, ba maganar waya ake ba kuma. Kar a ce shagwaɓa ce, kar a ce a bari ta wuce. A tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, domin tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. A yi addu'a, a kuma kai ta ga likita, kamar yadda ake haɗa biyun in zazzaɓi ya yi tsanani. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen da ke duba masu ciwon damuwa. Zuwa can ba ya nufin an haukace, kuma ba sai abu ya ɓaci ake zuwa ba.